Wutar Sola da Ruwan Zafi a Gidajen Kamlin da Ƙauyukan Jazira

Gidan da aka ja masa waya daga babban layin lantarki, aka kuma ɗora masa farantan sola a kan rufi, yana samun wuta ta hanya biyu: wadda ta taso daga madatsun ruwa da tashoshin gwamnati, da wadda rana ke bayarwa daga hantsi zuwa la'asar. A garin Kamlin na jihar Jazira a Sudan, da ke gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu tsakanin Hartum da Wad Madani, da ƙauyukan Hausawa da ke bin kogin har Sinnar da Mai Wurno da Damazin, wannan tsari ya tashi daga abin ƙawa na masu hali ya shiga sahun buƙatun gida. Layin da aka dogara da shi ya daɗe yana yankewa, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya ƙara durƙusar da shi. Amfanin tsarin ya rataya a kan abu biyu: a zaɓi kayan da za su yi aiki ko layi ya kawo wuta ko ya ɗauke, sannan a raba aikin lantarki da aikin zafi, kada a ɗora wa batir nauyin dafa ruwa alhali rana tana iya dafa shi kai tsaye.

Inda wutar layi take fitowa

Kogin da ke shayar da gonakin Jazira shi ne ya fara juya injinan wutarta. An kammala madatsar Sinnar a 1925 domin ban ruwan babban gandun auduga na Jazira, gandun da Hausawa da Fulani da Barebari masu tafiya Makka a ƙasa suka yi wa aiki shekara da shekaru, da yawansu kuma suka kafa gida a nan. Tun kafin haka jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun riga sun zauna kusa da Sinnar ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. A 1962 aka ƙara wa madatsar Sinnar tashar wuta mai megawat 15. A 1966 aka gama madatsar Rusairis kusa da Damazin, wadda tasharta ta kai megawat 280, kuma daga nan layin kilobolt 220 yake tasowa ya bi ta Sinnar da Maringan kusa da Wad Madani ya nufi Hartum. Saboda wannan layi, da masana'antun Giyad da Bagair da ke yankin Kamlin, garuruwan bakin titi sun samu wuta tun ana ƙirga masu ita a ƙasar.

Daga baya aka buɗe madatsar Marawi a arewa a 2009 da megawat 1,250, aka ƙara wa Rusairis tsawon mita 10 a 2013, aka gina ta Atbara da Sitit mai megawat 320. Akwai kuma tashoshi masu ƙona mai, irin su na Garri a arewacin Hartum da Um Dabakir kusa da Kosti mai megawat 500. Duk da haka, kafin yaƙi kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen Sudan ne ke haɗe da babban layi, fiye da rabin wutar kuma daga ruwa take zuwa.

Dogaro da ruwa yana da nasa lahani. A watannin Afrilu da Mayu da Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowane gida ya kunna fanka da na'urar sanyi, a lokacin ne tafkunan madatsu suke ja baya. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, sai man tashoshi da kayan gyara suka yi wuyar samu, aka shiga rabon wuta bi da bi tsakanin unguwanni. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa kimanin 375 a kan dala ɗaya, aka kuma ƙara kuɗin wuta a farkon 2021 da farkon 2022. Magidanci ya wayi gari yana biyan kuɗi mai yawa a kan wutar da ba ta zama.

Abin da yaƙi ya sauya

Yaƙi ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023. A Disamban shekarar dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka shiga Wad Madani suka mamaye mafi yawan jihar Jazira. Sojoji sun karɓe birnin ranar 11 ga Janairun 2025, sannan arewacin jihar, har da Hasahisa da Kamlin, a makonnin da suka biyo. A tsakanin nan an farfasa taransifomomi an kwashe tagullar cikinsu, an sare wayoyi, garuruwa da yawa suka yi watanni ba wuta. A 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari kan kayan wutar Marawi fiye da sau ɗaya, duhu ya rufe jihohi da dama lokaci guda.

Rashin wuta a Jazira rashin ruwa ne, domin rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka da injin lantarki suke ɗaga ruwa zuwa tanki. Shi ya sa farantan farko da ƙauyuka da yawa suka saya, da karo-karon mutanen gari da taimakon 'yan uwa mazauna ƙasashen Larabawa, a bakin rijiya aka kafa su. Da layukan waya suka katse a Fabrairun 2024, sola ce ta riƙa kunna na'urorin intanet na Starlink a kasuwanni, inda mutane ke zuwa su karɓi kuɗi ta manhajar Bankak. Su ma farantan ba su tsira daga masu ɗauke da makamai ba. Irin wannan rububin sola ya faru a Yaman bayan 2015: da layin gwamnati ya mutu, gidaje suka koma sola cikin gaggawa, kowa ya sayi abin da ya samu. Yanzu da ake gyara layukan Jazira, tambayar da ke gaban magidanta ita ce yadda za a haɗa abin da aka saya lokacin tsanani da wutar da ke dawowa.

Ranar Jazira

Kowace murabba'in mita a wannan yanki tana samun hasken da ya kai kimanin yunit 6 a rana, yunit ɗaya kuwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda, abin da mita ke ƙirgawa. Faranti na zamani yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken zuwa lantarki. In an cire asarar zafi da ƙura da waya, farantan kilowat ɗaya suna ba da yunit 4 da rabi zuwa 5 a rana.

Kamlin tana kusan digiri 15 arewa da tsakiyar duniya, don haka ana fuskantar da farantai kudu a karkace su kimanin digiri 15. Rana tana tsayawa daidai tsakar ka a farkon Mayu da tsakiyar Agusta, tsakanin nan kuma takan ɗan ratsa ta arewa, amma ba a shimfiɗe farantai kwance saboda haka, domin karkatar ita ke sa ruwan sama ya gangare da datti.

Zafi yana rage ƙarfin faranti. Ana auna shi ne a digiri 25, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru a jikinsa yana cin kusan kashi 0.4 cikin 100. Da tsakar ranar Mayu jikin faranti kan kai digiri 65, wato an rasa kusan kashi 15 cikin 100. Maganin shi ne a bar tazarar taƙi ɗaya ko fiye tsakaninsa da kwanon rufi, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Ƙura ma haka. Guguwar habub da ke tasowa gab da damina tana iya lulluɓe gilashi cikin awa ɗaya. Ana wanke farantai da asuba ko bayan magariba, gilashin yana sanyi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Zuba ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi, goge busasshiyar ƙura kuma yana karce shi. Kashin tsuntsu ko inuwar reshen dogon yaro a kan kusurwa ɗaya yana iya rage wutar jerin farantai gaba ɗaya.

Inbata, batir da mita

Wutar da faranti ke bayarwa irin ta batir ce, mai gudu ta fuska ɗaya. Ta layi kuwa tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, a ƙarfin bolt 230. Inbata ce ke mayar da ta farko zuwa ta biyu, kuma iri uku ce. Akwai wadda ke jingina da layi kacokan, ba ta da batir. Ita ta fi araha, ita ake yawan kafawa a ƙasashen da wuta ba ta yankewa, amma an ƙera ta ne ta mutu da zarar layi ya ɗauke, don kada ta tura wuta cikin wayar da ma'aikaci ke gyarawa. A Jazira wannan na nufin gida ya zauna ba wuta da tsakar rana farantai suna kan rufi. Akwai wadda ba ruwanta da layi, sai faranti da batir, wadda ta dace da gona ko ƙauyen da waya ba ta kai ba. Ta uku ita ce inbatar haɗaka, da 'yan kasuwa ke kira haibirid: tana karɓa daga faranti da batir da layi, ta fara da rana, in ba ta isa ba ta ƙara da layi, in layi ya ɗauke ta raba gidan da shi ta koma batir. Ita ce ta dace da gidan da ke da waya amma wutar ba ta da tabbas.

Batir shi ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa. Na darma yana da sauƙin saye, amma ba a son a sha fiye da rabin cajinsa, kuma kowane ƙarin digiri 10 na zafin ɗaki yana rage kusan rabin rayuwarsa. A ɗakin kwano na Jazira shekara biyu ta yi masa yawa. Na litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet yana jure caji da saukewa sau dubbai, ana kuma shan mafi yawan abin da ke cikinsa. Araha ba ta ado: wanda ya sauya batirin darma sau uku ya biya kuɗin na litiyam. Ko wane iri ne, wurinsa ɗaki mafi sanyi mai shigar iska, nesa da murhu da hannun yara. Tsohon batirin darma guba ne, ba a fasa shi a tsakar gida.

Mitocin gidajen Sudan na kati ne, a saya kafin a sha. Irin wannan mita ba a yi ta don biyan mai gida kuɗin wutar da ya tura waje ba, wasu ma suna ƙirga wutar da ta fita kamar wadda aka sha. Saboda haka ake saita inbata ta tsaya a kan buƙatar gida, kada rarar ta fita. Ribar mai gida tana cikin katin da bai saya ba da man janareton da bai ƙona ba.

Lissafin gida guda

Ana fara lissafi daga kayan da ke cikin gida. A ɗauki gida mai fanka 4 na wat 70 da ke aiki awa 12, wato kusan yunit 3 da rabi. Firij yana shan kusan yunit 1 da rabi. Ƙwan fitila 10 na wat 10 da talabijin da cajin wayoyi sun kai yunit 1. Na'urar sanyi mai aiki da ruwa, wadda ta dace da busasshiyar iskar Jazira, tana shan kamar wat 300, a awa 10 yunit 3 ke nan. Ƙaramin injin ɗaga ruwa zuwa tanki bai kai rabin yunit ba. Jimla ta kusa yunit 10. Farantai 4 masu wat 550, da za su ci kusan murabba'in mita 10 na rufi, sun isa, tare da batirin litiyam mai yunit 5 don dare.

Iyakwandishan guda ɗaya na iya shan fiye da wannan jimla duka a awa 8. Dutsen guga da hitar ruwa da murhun lantarki kowanne yana jan wat 1,000 zuwa 2,000. Hikimar ita ce a matso da aiki mai nauyi zuwa tsakanin hantsi da la'asar: guga, wanki, cika tanki, daskarar da ruwa a firij. Wutar da aka sha kai tsaye daga faranti ta fi wadda ta kwana a batir araha nesa ba kusa ba.

Rufin da zai ɗauka

Gidajen yankin iri-iri ne: na jar bulo mai rufin siminti, na kwano, da na ginin ƙasa mai rufin itace da tabarma da yaɓe. Faranti ɗaya ya kusa kilo 30. Rufin siminti yana ɗauka ba matsala. A kan kwano dole a ɗaure ƙarfen a jikin katako ko ƙarfen da ke riƙe da rufin, a toshe kowane huji, domin iskar habub tana shiga ƙarƙashin faranti ta ɗaga shi har da kwanon. Rufin ƙasa kuwa ba a taka shi ana kafa ƙarfe, tun da kowace shekara sai an sake yaɓe shi kafin damina. A irin wannan gida an fi kafa rumfar ƙarfe a tsakar gida a jera farantan a samanta. Ta haka an samu inuwar zama da rana, an samu sauƙin wankewa, kayan kuma suna cikin katanga. Dole a sa wayar ƙasa da fis da makatsin wuta a ɓangaren farantai, domin gobarar sola yawanci daga siririyar waya ko sassaucin haɗi take tashi. Haɗa inbata da wayar gida ba tare da abin da zai raba ta da layi ba yana iya kashe ma'aikacin da ke kan turke.

Ruwan zafi

Ɗumama ɗaki ba babbar buƙata ba ce a Jazira. Sanyin Disamba da Janairu na dare da asuba ne, bargo da katangar ƙasa mai kauri suna maganinsa. Abin da ake buƙata shi ne ruwan zafi: wankan asuba da alwala lokacin sanyi, wankan jarirai da tsofaffi da marasa lafiya, wanke-wanke, da wankan jego a gidajen da ke riƙe da al'adar, inda ake dafa manyan tukwane safe da yamma har kwana 40. Yawanci da itace ko gawayi ake yi, gas kuma ya yi tsada tun da matatar mai ta Jaili ta lalace a yaƙi. Dazuzzukan bagaruwa na bakin Shuɗin Nilu, waɗanda masu gasa bulo ma ke sara, su ke biyan wannan bashi.

Ɗaga zafin lita 100 da digiri 30 yana cin yunit 3 da rabi, fiye da rabin batirin da aka lissafa a sama. Tukunyar ruwa ta rana tana yin wannan aiki ba lantarki ko kaɗan, kuma tana kama fiye da rabin zafin da ya sauka a kanta, inda faranti ke kama kashi ɗaya cikin biyar. Ginin nata mai sauƙi ne: tanki a kwance a sama, abin kama zafi a karkace a ƙasansa. Ruwan da ya yi zafi ya fi sauƙi, sai ya hau cikin tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, haka har rana ta faɗi, ba famfo ba inji. Tankin an naɗe shi da abin riƙe zafi, ruwan la'asar yana kaiwa asuba da ɗuminsa. Abin kama zafin ko dai baƙin allo ne mai bututun tagulla a ƙarƙashin gilashi, ko jerin bututun gilashi masu riɓi biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, kamar fulas ɗin shayi. Na bututu ya fi riƙe zafi, na allo ya fi jure jifa da wahala, maƙerin gari kuma yana iya ƙera shi.

Tukunya mai lita 150 zuwa 200 ta ishi matsakaicin gida. In ta cika ta haura kilo 200, don haka sai rufin siminti ko hasumiyar ƙarfe, ƙasa da babban tankin gida don ruwa ya sauko mata. Da bazara ruwan cikinta na iya kusantar tafasa, dole a sa abin gauraya shi da mai sanyi kafin ya kai famfo, saboda yara da masu jego. Ba a zuba ruwan sanyi a bututun da ya bushe cikin rana. Ruwan rijiya mai gishiri yana tara farin dutse a ciki, na kogi lokacin ambaliya yana kawo laka, dukansu suna buƙatar tacewa da wankewa shekara-shekara. Gidan da farantansa suka fi buƙatarsa yana da wata hanya: da zarar batir ya cika da rana, a karkatar da rarar zuwa ƙaramar hita a tanki mai riƙe zafi, a saita ta kada ta taɓa jan batir.

Kuɗi da tsari

Farashin farantai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, ƙasar Sin kuma ita ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan. Amma da dala ake shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, dalar kuma ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage a 2024. Manomin da ya dawo ya tarar da gida a wawashe ba zai iya biya lokaci ɗaya ba. Wasu ƙasashe sun warware irin wannan. Tunisiya ta kafa shirin PROSOL a 2005: gwamnati ta rage wani kaso na kuɗin tukunyar rana, banki ya ba da sauran bashi, mai gida ya biya cikin shekara 5 ta takardar kuɗin wutar kamfanin STEG. Jodan ta yi doka a 2012 da ta ba gidaje damar tura rarar wuta cikin layi a rage musu kuɗi, ta mita mai ƙirga shiga da fita. A Saifurus fiye da gida 9 cikin 10 da rana suke dafa ruwa. Tsarin kati na Sudan yana iya ɗaukar biya kaɗan-kaɗan irin na Tunisiya, kamar yadda adashi da ƙungiyoyin manoma ke iya sayen kaya a dunƙule.

Akwai kuma gargaɗi daga Fakistan, wadda ta shigo da farantai na kimanin megawat 17,000 a 2024. Da masu hali suka rage sayen wutar layi, nauyin riƙe layin ya ƙara komawa kan waɗanda ba su da halin sayen sola. Jazira ba za ta iya rabuwa da layi ba: asibitoci da masana'antu da injinan niƙa da daren damina mai hadari duk suna buƙatarsa. Wutar rufi da rana tana ba madatsu damar adana ruwa don dare, musamman yanzu da babbar madatsar Habasha, da aka buɗe a Satumban 2025, ke daidaita kwararar kogin a saman Rusairis.

Daga ƙarshe akwai mazauna kanabi, zangunan ma'aikatan gona da ke gefen magudanan ruwan gandun, waɗanda Hausawa na cikinsu. Da yawansu turakun wuta suna wucewa kusa da su ba a ja musu waya ba, saboda ƙasar da suke zaune a kai ba a rubuta ta da sunansu ba. Ƙaramin faranti da fitila da cajin waya suna rage musu raɗaɗi, sola a bakin rijiya da ɗakin shan magani ta fi haka amfani. Amma mutum ba ya kafa rumfar ƙarfe ko hasumiyar tanki a filin da za a iya tashinsa gobe. Aikin sake gina wutar Jazira zai cika ne in an haɗa gyaran taransifoma, da horar da matasa masu kafa sola, da hana shigo da jabun kaya, da tabbatar wa waɗannan zanguna filin zama da layin wuta.